Crovie: ƙauyen da baro ya maye gurbin mota

Tambaya: Malam, wai da gaske akwai wani ƙauye a bakin teku a Sikotland da mota ba ta iya shiga? Me ya kai mutane zama a wurin, kuma me mai ziyara zai gani?

Amsa: Da gaske ne. Sunansa Crovie, yana lardin Aberdeenshire, a gaɓar Gamrie. Layin gidaje ɗaya ne tak a kan wani siririn dandamali: bayansu tudu mai tsayi, gabansu teku, tsakani kuma 'yar hanyar ƙafa. Mazauna na ajiye mota a bakin gari su kwashi kaya a baro. Baƙi kuwa a saman tudu suke ajiyewa su gangara.

Ba daɗin wurin ne ya kai su ba. A ƙarni na 18 masu manyan gonaki suka tashi iyalai daga cikin ƙasa, su kuma suka sauko nan suka kama sana'ar kamun kifi. Dubi ginin da kyau: yawancin gidajen sun bai wa teku gefensu mara faɗi, tagogi ƙanana, wasu da murfin katako, don igiyar ruwa da duwatsun da take jifa su sami ɗan abin bugu kawai.

Guguwar 31 ga Janairu 1953 ce ta karya garin, wadda ambaliyarta ta kashe sama da mutum 1,800 a Holan. Ta rushe wasu gidaje, ta share hanyar bakin ruwa zuwa Gardenstown, garin da ke maƙwabtaka da shi, masunta da yawa suka koma can. Yau akasarin gidajen na 'yan hutu ne. Tun kafin guguwar, a Afrilun 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Norway biyu da Jamus ta turo leƙen asiri sun sauka kusa da nan a kwalekwalen roba, suka miƙa kansu ga 'yan sanda.

Abin gani a cikin garin bai wuce gidajen da ƙaramar tashar jirgin ruwa ba. Ni dai shawarata ka taka zuwa Gardenstown, tafiyar kamar mil ɗaya, garin da Alexander Garden ya kafa a 1720. Kangon cocin St John na kan tudu ta yammacinsa. Ta gabas akwai Troup Head, wani tsauni a bakin teku, inda dubban tsuntsayen teku ke sheƙa a lokacin zafin ƙasar.

Kuskuren baƙi shi ne bin hanyar bakin ruwan, wadda aka gyara bayan guguwar, ba tare da duba jadawalin cikar teku ba. In ruwa ya cika ga iska, igiya na haurowa kanta, ƙasa kuma kan zabtaro daga tudu bayan ruwan sama.