Fararen baƙin samaniya da aka ce suna tsaron duniya: abin da na sani a kansu

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, tun shekaranjiya na ga tambayarka, na dakata ko wani zai zauna ya amsa maka da kyau, sai na ga amsoshin sun rabu gida biyu, masu cewa aljanu ne ka kama addu'a, da masu yi maka dariya. Ka ce ka kalli wani bidiyo da ke bayanin wasu halittu masu siffar mutane, dogaye, farare tas, masu gashi ruwan zinariya da shuɗin ido, wai daga taurari suke saukowa, wai su ne suke hana manyan ƙasashe halaka duniya da makaman nukiliya. Kana so ka san ko gaskiya ne, in kuwa gaskiya ne, mala'iku ne ko aljanu. Ni ban ga abin dariya a nan ba, domin na yi shekaru ina gaskata wannan magana da zuciya ɗaya.

Ina ɗalibi a kwalejin horon malamai, a farkon shekarun 1980, na sayi wani tsohon littafi a hannun masu baza littattafai a bakin titi. Bangonsa ya yage, amma hotunan ciki suna nan, faifai mai tashi mai kama da murfin tukunya da ƙwallaye uku a ƙarƙashinsa. A dare biyu na karance shi. Daga nan na shiga neman duk abin da ya shafi batun, har na rubuta wa wata ƙungiya a Amurka wasiƙa, na aika musu kuɗi ta gidan waya, suka riƙa turo mini ƙananan mujallu. Idan dare ya yi nakan fita bayan ɗakin kwananmu in zuba wa sama ido, raina cike da fata. Abin da ya kama ni shi ne tunanin cewa akwai wasu can sama da suka fi mu ilimi da tausayi, kuma ba za su bari mu hallaka kanmu ba.

Wanda ya rubuta littafin nan, tare da wani abokinsa ɗan Birtaniya, shi ne George Adamski, kuma kusan duk labarin da ka ji a bidiyon nan daga wajensa ya samo tushe. Ɗan asalin Polan ne da ya girma a Amurka, yana zaune a gindin dutsen Palomar a jihar Kalifoniya, yana taimakawa a wani ɗan gidan abinci. Ya ce ranar 20 ga Nuwamba 1952, a cikin hamada kusa da wani ƙauye mai suna Desert Center, ya haɗu da wani mutum daga duniyar Zuhura, wadda mu muke kira Gamzaki idan ta fito da asuba. Mutumin kyakkyawa ne, gashinsa ya sauko har kafaɗa, sanye da kaya masu ruwan ƙasa. Ba su yi magana da baki ba, da ishara da karanta zuciya suka fahimci juna. Daga baya aka raɗa masa suna Orthon. Mutum shida da suka raka Adamski sun tsaya ne daga nesa. Saƙon baƙon kuwa shi ne mutanen duniya su daina wasa da bom ɗin nukiliya. Littafin ya fito a 1953, ya yi kasuwa ƙwarai, Adamski ya zaga ƙasashe yana lacca, har Sarauniya Juliana ta Holan ta karɓi baƙuncinsa a fadarta a 1959.

Ka riƙe ranar nan da kyau, don ni sai da na manyanta na lura da ita. Ranar 1 ga Nuwamba 1952 Amurka ta gwada bom ɗin haidurojin na farko, wato wani nau'in bom ɗin nukiliya, a tsibiran Marshall. Kwana goma sha tara ke nan kafin Adamski ya ga baƙonsa. Shekara bakwai kafin nan an jefa bom a Hiroshima da Nagasaki, a 1949 Tarayyar Sobiyet ta mallaki nata, ana koya wa yara a makarantun Amurka yadda za su ɓuya ƙarƙashin tebur idan an kawo hari. Tun 1947, da wani matuƙin jirgi Kenneth Arnold ya ce ya ga abubuwa tara suna gudu kusa da dutsen Rainier, jaridu suka cika da zancen faifai mai tashi. A 1951 ma an yi wani fim da ya shahara, inda baƙo mai siffar mutum ya sauka a birnin Washington yana gargaɗin duniya kan yaƙi. Jama'a na cikin tsoro mai tsanani, suna neman wanda zai raba gardamar Amurka da Rasha. Sai ga mai rabawa ya sauko daga sama, da ainihin maganar da kowa ke ƙishirwar ji.

Bayan Adamski sai ƙofa ta buɗe. Truman Bethurum ya ce shi wata kyakkyawar mace ce shugabar jirgi ta zo masa daga wata duniya mai suna Clarion. George Van Tassel ya ce yana karɓar saƙo daga wani kwamanda Ashtar, ya riƙa tara dubban mutane kowace shekara a gindin wani ƙaton dutse a hamadar Mojave. A Landan wani direban tasi, George King, ya kafa ƙungiyar Aetherius a tsakiyar shekarun 1950, kuma tana nan har yau. Masu ba da irin waɗannan labarai ne suke kiran baƙin 'yan'uwa na samaniya. Sunan Nodik, wato masu kama da mutanen Suwidin da Norwe, daga baya ya bi su.

Abin da ya fara kwance mini kai aikin koyarwa ne. Da aka ba ni darasin labarin ƙasa, dole na karanta abin da masana suka auna game da duniyoyin da ke kewaya rana. Na tarar tun a Disamba 1962 kumbon Amurka Mariner 2 ya gifta kusa da Zuhura ya nuna tana da zafi na fitar hankali, a 1970 kuma kumbon Rasha Venera 7 ya sauka a kanta. Zafin doronta ya kai kusan digiri 460 a ma'aunin Salshiyos, yana narkar da dalma. Nauyin iskarta ya ninka na tamu kusan sau casa'in, gajimarenta kuma na ruwan asid ne. Babu mai gashi har kafaɗa da zai rayu a wurin ko na minti ɗaya. Haka ma watan da ke haskaka mana dare: Adamski ya ce an kai shi ya ga birane da bishiyoyi a bayansa, ɓangaren da ba ma gani daga nan. A Oktoba 1959 kumbon Rasha Luna 3 ya ɗauko hoton wajen, ba komai sai duwatsu da ramuka, shi kuwa ya ce Rashawa ne suka shirya hotunan. Daga baya na gano tun 1949 ya fitar da littafin ƙagaggen labari mai ɗauke da irin waɗannan tafiye-tafiye, kuma tun shekarun 1930 yake jagorantar wata ƙungiyar asiri yana koyar da kusan darussan da ya zo ya sa a bakin mutanen Zuhura. Ranar da na haɗa waɗannan na ji zafi a raina, kamar wanda amininsa ya ci amanarsa.

Sai ka lura da abin da ya biyo baya. Da kumbuna suka isa Zuhura da Mirrihi (wato duniyar Mars) aka ga ba kowa, sai garin baƙin ya ƙaura zuwa inda ba mai iya zuwa ya duba. Wani ɗan Suwizalan, Billy Meier, ya ce daga 1975 wata mace mai suna Semjase tana ziyartarsa daga tarin taurarin nan da Larabawa ke kira Surayya, mu kuma muke cewa Kaza da 'Ya'yanta. Ina kyautata zaton su ne aka ambata a bidiyonka, don yanzu su suka fi tashe. Taurarin Kaza suna da nisan tafiyar haske ta kusan shekara 440, kuma shekarunsu wajen miliyan 100 ne kacal, alhali duniyarmu ta haura shekara biliyan huɗu da rabi. A lissafin taurari jarirai ne. Meier ya baza hotuna masu kyan gani, har da hoton wasu mata biyu da ya ce 'yan can ne, sai masu bincike suka gano mawaƙa ne da ke fitowa a wani shirin talabijin na Amurka. Tsohuwar matarsa ma ta fito ta ce da tarkacen gida yake haɗa jiragen da yake ɗauka.

Akwai wani ɓangare da har yau yake ci mini rai, kuma a da ban gan shi ba sam. Me ya sa na kirkin nan kullum farare ne masu shuɗin ido? Da labaran suka sauya salo bayan 1961, lokacin da Betty da Barney Hill suka ce an sace su a jihar New Hampshire, sai aka samu gajeru masu launin toka da manyan baƙaƙen idanu, su ne masu satar mutane su yi musu fiɗa. Mugu ya zama mai duhu mummuna, mai ceto ya zama Bature kyakkyawa. Ɗaya daga cikin shaidu shidan Adamski, George Hunt Williamson, ya yi aiki da William Dudley Pelley, mutumin da ya kafa ƙungiyar masu koyi da Hitler a Amurka a 1933. A Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, wata Baturiya Elizabeth Klarer ta ce ta yi soyayya da wani farin baƙo mai suna Akon har ta haifa masa ɗa. Ban ce duk wanda ya ba da irin wannan labari mai wariya ba ne. Amma kowa da kamannin da ya saba girmamawa ya zana mai cetonsa, ni kuma ina saurayi baƙar fata na tsaya cikin dare ina jiran wannan fuska ta zo ta cece ni, ban taɓa tambayar dalili ba.

Maganar mala'iku da aljanu kuwa, shawarata kada ka cakuɗa su da wannan. Su mun san su ne ta hanyar wahayi, da siffofin da nassi ya faɗa, kuma malamai ne za su yi maka bayaninsu. Orthon da Ashtar da Semjase kuwa mun san su ne ta bakin mutanen da ake iya bin tarihinsu, a ga inda suka ɗauko zancen. Idan ka ce aljanu ne, ka riga ka yarda an ga wani abu ke nan, alhali nan ne gardamar take. Ko Allah ya halicci wasu masu rai a wasu duniyoyi? Mai iko ne a kan haka, kuma aya ta 29 a Suratus Shura ta ambaci dabbobin da Ya watsa a sammai da ƙasa, masu tafsiri sun yi maganganu a kanta. Masana ma sun gano dubban duniyoyi da ke kewaya wasu taurari, suna ta neman alamar rai. Wannan tambaya ce mai daraja, daban take da cewa wane ya sha hira da su a bayan gari. A tsawon shekarun da na yi ina karanta saƙonnin da aka ce sun aiko, ban ga maganin cuta ko ɗaya ba, ban ga lissafi ko ɗaya da ɗan Adam bai riga ya sani ba. Ku so juna, ku bar yaƙi, shi ke nan, kuma kakata ta faɗa mini wannan tun ban shiga makaranta ba.

Da abin ya tsaya a nan da ban tsawaita ba, amma ya ci mutane. A 1954 wata mata a yankin Chicago, Dorothy Martin, ta ce mutanen Clarion sun sanar da ita ambaliya za ta cinye ƙasar ranar 21 ga Disamba, kuma jirgi zai zo ya kwashe mabiyanta. Wasu suka ajiye aiki, wasu suka rabar da dukiya, suka zauna tsakar dare sun cire duk wani ƙarfe daga tufafinsu suna jira. Da gari ya kusa wayewa ba jirgi, sai ta ce sabon saƙo ya zo, an yafe wa duniya saboda imaninsu, kuma da yawansu suka ƙara riƙe ta. A Maris 1997 mutum 39 na ƙungiyar Heaven's Gate suka kashe kansu a wani gida a Kalifoniya, da imanin cewa akwai jirgi a bayan tauraruwa mai wutsiya ta Hale-Bopp da zai ɗauki rayukansu. Kada kuma ka ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Ƙungiyar Rael, wadda wani Bafaranshe ya kafa bayan ya ce ya gana da baƙi a 1973, tana da mabiya a Burkina Faso da Kwaddibuwa, tana koya musu cewa baƙin ne suka halicci ɗan Adam.

Ni abin da na yi asara bai wuce kuɗin gidan waya da 'yan shekaru ba, alhamdu lillahi. Kai naka zamanin ya fi wuya, domin Meier sai da ya sha wahalar haɗa jirgi ya rataye shi, yau kuwa kwamfuta tana ƙera fuskar farin baƙo mai magana cikin minti biyu. Ka koma wajen wanda ya sa bidiyon ka tambaye shi wa ya ɗauki hoton, a wane gari, a wace rana, kuma wa ya gani ban da mai labarin. Idan ya ba ka amsa, ka kawo ta nan mu duba tare. Idan kuwa ya ce sai ka shiga wani zaure na musamman ko ka biya kuɗin rajista kafin a buɗe maka sirrin, ka sanar da mu, don akwai yara da yawa a nan da bidiyon ya riga ya isa wayoyinsu.