Amsar Kawu Kan Shiga Gasar Waƙa a Talabijin

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma ji abin da ke damunka. An ce gidan talabijin na gwamnati zai shirya gasar waƙa ta ƙasa baki ɗaya, kana so ka shiga, babanka ya ce gidanku ba gidan roƙo ba ne. Shi ne kake tambaya ko al'adarmu ta hana ɗan mutunci waƙa, alhali a Italiya tashar gwamnati ce ke shirya irin wannan gasa, kowa na kallo, ba mai ganin abin kunya ne.

Gaskiyarka game da Italiya. Gasar garin Sanremo tun 1951 ake yin ta, a rediyo ta fara, sai a 1955 ta hau talabijin, tashar gwamnatinsu, RAI, ce kuma ke riƙe da ita. Sai dai a can mawaƙi waƙarsa yake sayarwa, mai so ya saya. Mu tamu ba a kan ciniki ta tashi ba, a kan kyauta ta tashi, kuma nan ne tushen maganar babanka.

A ƙasar Zazzau, kamar sauran ƙasar Hausa, kowane kiɗa da mai shi. Tambari da kakaki na sarki ne, ba a buga wa talaka komai dukiyarsa. Kalangu na mahauta ne, gangar noma ta manoma ce ranar gayya. Makaɗi kuwa gadon abin yake yi, ɗa ya tashi yana amshi a bayan ubansa har ya karɓi gangar. Abincinsa yana hannun ubangidansa: ya wasa shi, a ba shi riga, ko hatsi, ko doki. In aka hana shi, yana da makami, wato zambo da habaici, kuma wanda aka yi wa zambo ya shiga bakin yara, ba ya fita da wuri. Saboda haka mutane suka riƙa jin daɗin makaɗa suna kuma shakkarsu, ana yi musu kyauta a fili, amma in maganar aure ta taso sai a fara duba asali. Ban ce daidai ne ba, na san makaɗan da suka fi masu ba su kyautar mutunci nesa ba kusa ba. Amma haka abin yake. Babanka tsoronsa kada a ga ɗansa tsaye gaban wani yana kirari yana jiran a liƙa masa kuɗi a goshi.

To amma waƙar kanta ba a taɓa korar ta daga gidajen mutunci ba. A garin nan na Zariya aka yi Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, yana kan gadon sarauta yana rubuta waƙoƙi. A ƙasar nan aka yi Malam Aliyu Namangi, makaho, wanda waƙoƙinsa na wa'azi da begen Manzon Allah suka karaɗe Arewa, har gobe ana rera su. Iyayenku mata sun yi gaɗa a dandali suna 'yan mata, in an yi biki ko suna a kifa ƙwarya a ruwa a yi amada a cikin gida. Kai kanka ka yi tashe in azumi ya kwana goma, wa ya hana ka?

Gasa ma ba baƙuwa ba ce. Je ka ƙofar fada ranar hawan Sallah ka ji yadda makaɗan hakimai ke ƙoƙarin danne juna. Abin da babu shi ne teburin alƙalai da maki. Jama'a ne alƙalai, waƙar da aka koma gida ana rerawa ita ta ci.

Rediyo da talabijin su suka sauya lissafin. Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, daga baya NTA, talabijin ɗin gwamnatin tarayya, ta zo a 1977, sai muryar mawaƙi ta riƙa isa inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba, ya sami masu sauraro da ba su ba shi ko kwabo ba. Mamman Shata bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ba, amma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello, nan Samaru, ta ba shi digirin girmamawa. Masu ganin waƙa ƙasƙanci ce sun ga malaman jami'a sun sa masa rigarsu.

Don haka ni a ganina shiga gasar tashar gwamnati ba roƙo ba ne, tunda ba ka da ubangida a wurin sai jama'ar ƙasa. Amma akwai inda roƙon ke iya shigowa ta bayan gida. Irin waɗannan gasa sukan sa masu kallo su jefa ƙuri'a ta waya, sai ka ga yaro yana bin attajirai da 'yan siyasa su saya masa ƙuri'u, gobe kuma ya biya su da kirari. In ka yi haka, maganar babanka ta tabbata. Kada ka wasa kowa a waƙar, kada ka zagi kowa, kada ka sa baitin da za ka ji nauyin rerawa gaban mahaifiyarka. Takardar da za su ba ka ka sa hannu kuma, a karanta ta da kyau, a san waƙar ta wa za ta zama bayan an gama.

Abu ɗaya ne ba zan goyi bayanka a kai ba: ka shiga a ɓoye, babanka ya gan ka a akwatin talabijin a shagon mai shayi. In ya ce a'a bayan an yi masa bayani, ka haƙura da ta bana, albarkarsa ta fi kofin. Ba kai za ka tunkare shi da gardama ba, wannan aikinmu ne mu manya. Rubuto waƙar gaba ɗaya, ka zo da ita gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in fara ji. In ta yi, ni zan je in same shi da ita. Ka gaida mahaifiyarka.