Koyon gyaran injin yankan ciyawa a Yamai

Ka tambaya ko wannan sana'a za ta ciyar da mutum a Yamai. Ita kaɗai da wuya, ɗan'uwa, masu shuka ciyawar ado ba su da yawa. Nemi maigidan da ke haɗawa da janareto da injin ban ruwa na masu lambun bakin kogi, cikinsu kusan ɗaya ne.

Da wanke karbirato (mai haɗa esansi da iska) da buji (mai ba da tartsatsin wuta) za a fara ka. Ƙurar hunturu ce babbar matsala: filta ta toshe, buji ya yi baƙi, inji ya ƙi tashi. Injin ratayawa a kafaɗa kuwa gauraya masa man inji da esansi ake yi, galibi mililita 20 a litar esansi. In aka zuba esansi zalla, fistan ya kama. Kafin ka taɓa wuƙar, cire wayar buji.