Ana cika fom ne a shiga Pierre Fauchard Academy?

Likita, ka ce kana aikin haƙori a Birnin Kebbi, kana neman fom ɗin shiga wannan ƙungiya ta duniya mai karrama likitocin haƙori. To, ba a neman shiga, gayyato mutum ake yi. Wani ɗan ƙungiyar da ya san aikinka shi zai gabatar da sunanka, shugabannin reshe su duba tarihin aikinka, in sun gamsu su kira ka bikin karɓa. Daga nan kuma sai kuɗin shekara, wanda mutane kan manta da shi.

Wani likitan haƙori na jihar Minesota a Amurka, Elmer Best, ya kafa ta a 1936. Sunan kuwa na wani likitan haƙori Bafaranshe ne, Pierre Fauchard, da ya wallafa littafinsa kan haƙori a 1728.

Karramawa ce fa, ba lasisi ba; lasisinka na MDCN, hukumar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya, shi ke ba ka damar taɓa bakin majiyyaci.

In da ni ne kai, zan sayi littafi mai kauri don ajiye tarihin aikina. Duk fitar duba haƙoran yara a Argungu ko Jega, in rubuta rana, ƙauye da yawan waɗanda na gani. Ka kuma riƙa zuwa taron ƙungiyar likitocin haƙori ta Najeriya, can manyan suke.