Na'urar maganaɗisu ko ƙwayar magani? Amsa ga masu fama da ciwon damuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa a kasuwar Nima da ke Accra. Wata huɗu ke nan barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya mini daɗi, ko buɗe shago sai na yi da gaske. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta mini fluoxetine. Na sha kwana goma, ban ga komai ba sai tashin zuciya, na ajiye. Yayana da ke Amurka ya ce akwai na'urar maganaɗisu da ake ɗora wa mutum a ka, kuma zai biya. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Gaskiyar magana, ba ki kai wurin zaɓi ba tukuna, domin maganin bai gaza ba, lokaci ne ba a ba shi ba. Fluoxetine da 'yar'uwarsa sertraline sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, kuma likita ba ya yanke hukunci a kansu sai an cika mako huɗu zuwa shida ana sha kullum. Abin da ke yaudarar mutane shi ne illar takan riga amfanin zuwa. Tashin zuciyar nan yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu, musamman in an sha ƙwayar bayan cin abinci. Fluoxetine ana farawa da miligiram 20 da safe, don shan sa da dare yakan ƙara hana barci. Mai azumi sai ta sha da sahur.

Ki koma wurin likitan, ki faɗa masa kin daina, ba abin kunya ba ne. Ki roƙi a duba jininki da aikin ƙullin maƙogwaro, don ƙarancin jini da kasalar wannan ƙulli suna kama da ciwon damuwa ƙwarai. Ki kuma gaya masa idan kin taɓa yin kwanaki ba barci amma kina cike da kuzari, ga yawan magana da kashe kuɗi ba lissafi. Wannan wani ciwo ne daban, kuma ƙwayar damuwa ita kaɗai tana iya tayar da shi. In kin samu sauƙi, a ci gaba da sha aƙalla wata shida, sannan a rage a hankali. Yankewa farat ɗaya ne ke kawo jiri da komowar ciwo.

Ba sai kin yi nisa ba. Akwai Asibitin Masu Taɓin Hankali na Accra, da na Pantang, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Korle Bu, kuma asibitocin gwamnati da dama suna da ma'aikatan jinya na wannan fanni. Sunan asibitin kada ya tsorata ki, ciwon damuwa ba hauka ba ne. Kuɗin yayanki kuwa, a yanzu ya fi amfani wajen biyan zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam, wanda haɗa shi da magani ya fi magani shi kaɗai.

Tambaya: Ni tela ne a Madina Zongo. Na sha sertraline wata uku, aka mayar da ni amitriptyline wata huɗu, ban taɓa tsallake rana ba, amma ƙuncin yana nan. Na ji labarin na'urar. Ita ce wutar lantarkin da ake jona wa mutane?

Amsa: Malam, kai ne irin wanda aka yi na'urar dominsa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a shekarar 2008 ga manya da magani bai yi musu aiki ba. Kuma ba kai kaɗai ba ne: a babban binciken nan na Amurka mai suna STAR*D, kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya warke sarai da ƙwayar farko.

Ba ita ce jonawar lantarki ba. Waccan sai an sa mutum barci, an tayar masa da gajeriyar farfaɗiya da gangan, kuma har gobe tana ceton rai a ciwo mai tsanani. Ita wannan, da ake kira TMS, kana zaune a kujera idonka biyu. Ranar farko ana ɗora faifan maganaɗisu a saman ka, ana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan har babban yatsan hannunka ya motsa da kansa. Da wannan motsi ake auna ƙarfin da ya dace da kai. Sai a matsar da faifan gaba, can saman goshi ta hagu, inda sashen ƙwaƙwalwa mai alaƙa da yanayin rai yake. Za ka ji kas-kas-kas kamar ana ƙwanƙwasa maka kai da yatsa, ga ƙara mai yawa, shi ya sa ake toshe kunne. An gama, ka tashi ka koma kan kekenka na ɗinki.

Inda nauyin yake shi ne zuwa. Kwana biyar a mako, mako huɗu zuwa shida, zama 20 zuwa 30, kowane minti 20 zuwa 40, ko da yake akwai sabon salo na minti uku da aka amince da shi a 2018. Tela ya lissafa wannan da kyau: kada a fara ana saura wata guda Sallah, ɗinki ya taru a riƙa tsallake rana. Wanda zai yi tafiya dominta ya lissafa masauki na wata biyu. Tana da tsada nesa da ƙwaya, ba kowa take yi wa aiki ba, kuma wanda ta yi wa, ciwon yana iya dawowa bayan watanni. Shi ya sa likitoci da yawa ba sa cire magani yayin da ake yin ta.

Illarta mafi yawa ciwon kai ne da zafin fatar kai a makon farko. Ba ta busar da baki ko sa kasala irin ta amitriptyline, ba ta kuma rage sha'awar iyali irin ta sertraline, abin da magidanta da yawa ke jin nauyin faɗa wa likita har su daina magani a ɓoye. Haɗarin farfaɗiya bai kai mutum ɗaya cikin dubu ba, amma yana ƙaruwa ga mai farfaɗiya, da mai shan giya, da wanda ya kwana bai runtsa ba. Mai ƙarfe a cikin kai, kamar na'urar ji da aka dasa ko maƙalar jijiyar jini, ba a yi masa. Cikon haƙori ba matsala.

Kafin ka biya ko sidi ɗaya, ka tambayi likita ko adadin da ka sha ya kai. Amitriptyline miligiram 25 na sa barci, amma ciwon damuwa yakan buƙaci 75 ko fiye. Kada ka ƙara da kanka, yawansa na taɓa zuciya.

Tambaya: Na ga ana tallar wata na'ura ta ɗaurawa a goshi a Facebook. In sayo wa ƙanena? Yana shan tramol kuma.

Amsa: Kada ka saya, ɗan'uwa. Na'urar gaske babba ce, ma'aikaci ne ke sarrafa ta ƙarƙashin kulawar likita. Tramol ɗin ne abin gaggawa: haɗa shi da fluoxetine ko sertraline na iya kawo zazzaɓi, karkarwa da farfaɗiya, don haka likita ya san da shi tun ranar farko. Idan yaron ya fara maganar ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke magunguna daga ɗakinsa, a kai shi asibiti a ranar ko a kira 112. Tun 2023 yunƙurin kashe kai ba laifi ba ne a dokar Ghana, ba wanda zai kama shi.