Tayar tirela ta fice tana gudu, laifin wa?

TAMBAYA: Salam Malam, a hanyar Kano zuwa Zariya naga tayar tirela ta fice ta tsallaka hannun ɗaya ta daki wani ɗan acaba, wallahi har yau abun na raina. Me ke kawo haka, ya mutum zai kare kansa? Daga wata mai karatu, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya bashi lafiya. Yawanci sakaci ne, bakanike ya canza taya bai ɗaure noti da kyau ba ko ya matse fiye da kima har kusoshin su tsage, ko boris (ƙarfen da taya ke juyawa a kansa) ya ƙone saboda rashin giris, ga lodi ya wuce misali. Ya kamata direba ya sake duba noti bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 da canza taya, tsatsa da ta zubo gefen noti alama ce ya saki. Kayan da tirela ta ɗauko ma haka suke faɗowa, a Janairun 2023 kontena ta faɗo kan bas a Ojuelegba Legas mutum 9 suka rasu. Kar ki bari direbanku ya jera da tirela ko ya liƙe mata a baya, in kinga taya na rawa kira Road Safety a 122.