Kafin Ka Sayi Sabuwar Rawuta, Duba Kebul Ɗinka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Mu uku 'yan'uwa muka yi karo-karo muka sa Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, a babban gida. Na ja kebul kamar mita 60 zuwa sashena, na haɗa da wata ƙaramar rawuta da na saya a Farm Centre, daga ita kuma zuwa kwamfutata. Ƙanena in ya gwada gudun intanet da wayarsa a tsakar gida yakan samu sama da megabit 150, ni kuwa mai kebul ban taɓa wuce 94 ba, wani lokacin ma 9 nake gani. Shin in sayi babbar rawuta mai eriya shida?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗinka tukuna. Eriya aikin waifai take yi, ba ruwanta da abin da ke bi ta kebul, ko ashirin ce a jikin rawutar.

Lambobin nan biyu da ka ambata su suka tona asirin. Ramin da ake soka kebul galibi hawa uku ne: mai megabit 10, mai 100, da mai 1000 wanda ake ce wa gigabit. Mai 100 in an cire abin da tsarin kansa yake ci, 94 ko 95 yake bayarwa, mai 10 kuma 9 da ɗoriya. Ke nan wani abu a hanyarka ya tsaya a 100, ranar da abin ya motsa kuma ya gangara 10. Ƙananan rawutoci masu araha da yawa haka aka ƙera su. TP-Link TL-WR840N, misali, an rubuta 300 baro-baro a kwalinta, amma wannan lissafin waifai ne. Ramukanta 10/100 ne. Nemi littafin taka ko kwalinta ka karanta. In ka ga 10/100, to iyakarta ke nan, ba lalacewa ta yi ba.

Amma faɗowa 9 ɗin nan, kebul nake zargi. Cikinsa silin waya takwas ne, an murɗe su bibbiyu. Gudun 100 huɗu kawai yake amfani da su, gigabit kuwa sai duk takwas ɗin suna lafiya. Sili ɗaya ya tsinke, ko bai zauna daidai a kan kebul ɗin ba, sai na'urorin biyu su sauko ƙasa shiru, babu wanda zai sanar da kai. Shi ya sa mutum yake ganin intanet na aiki ya ce ai kebul lafiyarsa lau.

Ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. Ɗauki kwamfutar ka tafi babban gida da guntun kebul mai kyau, ka soka kai tsaye a ramin da dogon kebul ɗin ya taso. A Windows, shiga saitin hanyar sadarwa, ka buɗe Ethernet, za ka ga an rubuta 100/100 ko 1000/1000. Sannan ka gwada gudu a shafin fast.com. In a can ma 100 ka gani, ramin kwamfutarka ne, ko ɗan adaftan USB in da shi kake amfani. In ka ga 1000, koma sashenka ka zare dogon kebul daga ƙaramar rawutar ka soka shi a kwamfuta. Ya ba ka 1000, laifin rawuta ne. Bai bayar ba, sai ka bi kebul ɗin da ƙafa.

Ka bi shi taku-taku. Duba inda ƙofa take datse shi, inda ya gogi bakin kwano, inda rana ta busar da fatarsa ta tsattsage, da cikin rufi inda ɓeraye suke sha'aninsu. Na taɓa zuwa wani gida na tarar an ƙara tsawon kebul, mai gyaran wuta ya murɗa silin ya naɗe da baƙin tef kamar wayar ƙwan lantarki. Wutar fitila za ta bi ta nan, amma intanet ba ta yarda da wannan ɗinki.

In ta kama sai ka sake kebul, nau'in Cat5e ko Cat6 ya ishe ka, duka suna ɗaukar gigabit har mita 100. Abin lura shi ne ƙarfen ciki. Kasuwa cike take da mai alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wani lokacin an rubuta CCA a kwalin. A gaban mai shago ka fere sili ɗaya, ka kankare shi da reza: in fari ya bayyana, ajiye masa kayansa. Irinsa saurin karyewa gare shi. Ka sayi wanda aka yi don ja a wajen ɗaki, mai baƙar fata, ka zura shi a bututun roba, kuma in hadari ya taso da damina ka zare shi daga bakin biyu, don tsawa ba ta raina doguwar waya.

Gaskiya kuwa, Malam, 94 tsayayye ya fi ƙarfin buƙatar gida. Megabit 5 ma yana kunna bidiyo tas. In kebul ya gyaru, ni da zan bar rawutar. In kuwa ranka ya nace, sayi wadda aka rubuta 10/100/1000 a kowane rami.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu a wajen Dambatta, rawutata mai layin waya ce, 4G. Ko da kebul, da yamma sai ta riƙa jan ƙafa. An ce in sayi kebul nau'in Cat8.

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya ba ka shawarar nan, ko dai yana sayar da shi ne? Rijiya ce ba ruwa, sabon guga ba zai kawo ba. Da yamma kowa a garin yana kan turken sabis ɗaya, ana rabon abin da ke akwai. Ɗaga rawutar sama kusa da taga ta ɓangaren turken, nesa da kwanon rufi, ka canza kalmar sirrin waifai ko yaran unguwa sun samu. Ka gwada gudun bayan sallar asuba da kuma bayan isha'i. In bambancin ya yi yawa, ari layin wani kamfani ka gwada kwana biyu, in rawutar tana karɓa, manyan ayyuka kuma ka riƙa tura su da sassafe.